Yuzu, lemon da ake jira shekara 18

A 'yan shekarun nan wata kalma ta shiga yawo a jikin kwalabe da cikin bidiyon girke-girke, ita ce yuzu. Sai ka gan ta a jikin sabulu, ka gan ta a man shafawa, ka gan ta a abin sha na gwangwani, wani lokaci har a turare. Mai talla ya ce maka ruwan “yuzun daji” ne daga Japan, ya jero maka cututtukan da yake warkarwa, sannan ya tsuga kuɗi. Mafi yawanmu ba mu taɓa riƙe ɗan itacen a hannu ba, shi ya sa duk abin da aka faɗa mana a kansa sai ya zauna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Akwai gaskiya mai daɗin ji a labarin wannan lemo, kuma akwai ƙarin gishiri da ya kamata mai saye ya iya tsamewa.

Yuzu ɗan gidan su lemon zaƙi ne da lemon tsami. Girmansa kamar na tanjirin, sai dai bawonsa kauri gare shi, ga gurji-gurji kamar fatar da ta sha sanyi. Yana farawa kore shar, idan ya nuna ya koma rawaya. Masana tsirrai sun ce ya samu ne daga haɗuwar tanjirin da wani lemon daji mai jure sanyi na ƙasar Sin, kuma asalinsa can ne, wajen saman kogin Yangze. Daga nan ya isa Koriya da Japan fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Yau Japan ce aka fi saninta da shi, Koriya na biye, inda suke kiransa yuja.

Idan ka sa wuƙa ka raba shi biyu, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙwallaye. Cike yake da su, manya-manya, sun cinye wurin da tsoka za ta zauna. Ka matsa iya ƙarfinka, da ƙyar ka tara cokali ɗaya ko biyu. Ruwan da ake samu bai cika kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɗan itacen ba. Tsaminsa kuwa ba ya barin a sha shi kai tsaye. To me ake nema a jikinsa? Ƙamshi. Tun kafin ka yanka, da ka ɗan karce bawon da farce, ɗaki ya ɗauka. Ƙamshi ne mai haɗe da na tanjirin da na lemon tsami da wani abu kamar na fure, kuma yana daɗewa a yatsa. Wannan ƙamshin shi ne dukiyar yuzu, kuma mafi yawansa a cikin man da ke bawon yake kwance.

Sai mu zo kan kalmar “daji”, don a nan aka fi ruɗa mutane. Wanda ya ji ta zai ɗauka wasu ne ke shiga kurmi su tsinko abin da babu mai shi, kamar yadda ake tsintar ɗinya ko kanya. Ba haka abin yake ba galibi. Manoman Japan suna da hanya biyu ta samun bishiyar. Ta farko ita ce aure, irin wanda masu lambu suke yi wa mangwaro: a ɗauko reshen yuzu a ɗaura shi a kan kututturen wani lemo mai ƙarfin saiwa da suke kira karataci. Bishiyar aure tana fara 'ya'ya cikin 'yan shekaru, ba ta yin tsawo sosai, kuma kusan duk yuzun da ke kasuwa daga gare ta yake. Hanya ta biyu ita ce a bar ƙwallo ya tsiro da kansa, ya girma a kan saiwarsa. Wannan shi suke kira misho, kuma shi ne 'yan kasuwa suke fassarawa da “na daji” idan za su sayar wa baƙi.

Bishiyar misho ba ta da gaggawa ko kaɗan. Japanawa suna da karin magana a kanta, wadda ke ƙirga shekarun da kowace bishiya take ɗauka kafin ta haihu: wannan uku, waccan takwas, shi kuwa yuzu, babban wawa, sai ya shekara 18. Ba zagi ba ne, irin tsokanar da manomi yake yi wa abin da yake ƙauna ce. Mutumin da ya shuka ƙwallon yana da shekara 50, sai ya kusa 70 kafin ya ga furen farko. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗannan bishiyoyi gado ne. Kaka ya shuka a bayan gida ko a gefen tudu, ɗa ya yi ta kallo, jika ya zo yana tsinka. Akwai waɗanda suka haura shekara 100 kuma har yanzu suna haihuwa. Masu dafa abinci a can sun yarda cewa ƙamshin misho ya fi zurfi kuma ya fi daɗewa, don haka suke biyan kuɗi mai yawa a kansa. Wuraren da aka sani da tsofaffin bishiyoyin nan sun haɗa da Mizuwo a tsaunukan yammacin Kiyoto, da Mino kusa da Osaka, da ƙauyukan tsibirin Shikoku.

Ni abin da ya fi taɓa ni a wannan noma shi ne wahalar tsinka. Bishiyar yuzu ƙaya gare ta, dogaye masu tauri, wasu sun kai tsawon yatsa. Suna huda safar hannu, suna iya huda ƙasan takalmi idan aka taka reshen da ya faɗi. Ita kuwa ta misho tana miƙewa sama, ta wuce rufin gida, kuma yawanci a kan gangaren dutse take tsaye. Ka kwatanta dattijo a watan Nuwamba, da sassafe, sanyi na kaɗawa. Ya sa safar fata har gwiwar hannu, ya ɗora hular kwano, ya jingina tsani a jikin bishiya a inda ƙasa ba ta daidaita ba. Yana zura almakashi mai dogon hannu tsakanin ƙayoyi, ya yanko ɗaya, ya sauko da shi, ya sake datse guntun karan da ya rage a kansa don kada ya soki ɗan'uwansa a cikin kwando. Ɗaya bayan ɗaya, har rana ta faɗi. Babu injin da ke yi masa wannan aiki. Kuma ko iska ce ta kaɗa reshe, ƙaya ta karce bawon, to darajar wannan ɗan a kasuwar ɗanye ta faɗi, sai dai a kai shi wurin matsa. Ga shi kuma bishiyar tana da halin haihuwa da yawa bana, baɗi ta ja baya. Duk wanda ya ji tsadar ruwan yuzu na ainihi, a nan tsadar ta fara.

Japan tana noma sama da tan 20,000 a shekara, kuma kusan rabinsa daga jiha ɗaya yake fitowa, Koci, a kudancin Shikoku. Maƙwabtanta Tokushima da Ehime su ma suna cikin na gaba. Ƙasa ce ta tsaunuka da ruwan sama mai yawa, rana da ɗumi, dare da sanyi. Wannan bambanci tsakanin rana da dare shi yuzu yake so. Cikin dangin lemo yana daga cikin mafi jure sanyi, yana iya tsira a inda ruwa ke daskarewa, inda lemon zaƙi zai mutu. Yana fure fari a watan Mayu. Ana tsinkar koren wajen Agusta da Satumba, na rawaya kuma daga Oktoba zuwa Disamba.

A Koci akwai ƙauyuka biyu da ba a maganar yuzu a tsallake su. Na farko Kitagawa, mahaifar Nakaoka Shintaro, ɗaya daga cikin matasan da suka yi fafutikar kawar da mulkin shogun, wato shugaban sojan da ke riƙe da ƙasar a lokacin, wanda aka kashe a Kiyoto a 1867 tare da abokinsa Sakamoto Ryoma. Nakaoka ɗan gidan sarautar ƙauyen ne, kuma mutanen wurin suna danganta yaɗuwar yuzu a ƙasarsu da shi, cewa shi ya ƙarfafa wa talakawa gwiwa su shuka, don su sami abin ɗanɗano da abin adana abinci a lokacin da gishiri ya yi wuya. Daga wannan ƙauye ne aka fara fitar da ɗanyen yuzu zuwa Turai a 2012, aka kai shi Faransa, bayan an cika sharuɗɗan lafiyar tsirrai masu tsauri. Manyan masu girki na Faris sun karɓe shi hannu bibbiyu, kuma sunan ya ƙara bazuwa.

Na biyu shi ne Umaji, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙauye ne da mutanensa ba su kai 1,000 ba, kashi 96 cikin 100 na ƙasarsa daji ne. A da katako ne abincinsu. Da kasuwar katako ta karye, matasa suka fara tafiya birni, sai wasu manoma suka koma ga yuzu a shekarun 1960. Amma yawancinsu tsofaffi ne ko masu wani aikin, ba su da ƙarfin feshi da kulawar da ke sa bawo ya fito sumul. Yuzunsu ya zo da tabo, kasuwar ɗanye ta ƙi shi da daraja. Ƙungiyar manoman ƙauyen ba ta zauna tana kuka ba. Ta ce tunda ba a son fuskarsa, bari a sayar da ruwansa. Suka shiga matsa, suka yi miyar tsomawa, sannan a 1988 suka fitar da wani abin sha na ruwan yuzu da zuma da ruwa, suka sa masa sunan ƙauyen, Gokkun Umajimura. Suka riƙa aika kaya kai tsaye zuwa gidajen masu saye, da zanen yaran ƙauye a jikin kwali. Daga baya cinikinsu ya kai yen biliyan 3 a shekara. Ba sa zubar da komai: bawo ya tafi ga kayan ci, ƙwallo a matse mansa a yi man shafawa, tuƙar da ta rage a mayar da ita taki ta koma gona. Duk wanda ya taɓa ganin lemon zaƙi jibge a bakin titi yana ruɓewa don babu mai saye, ya san nauyin abin da waɗannan mutane suka yi.

Matsar kanta tana da ƙa'ida. A da da wani katako mai hannu ake yi, a sa lemo ɗaya a danna. Yanzu inji ne, amma dabarar ba ta canja ba: ana matsa shi da bawonsa, a hankali, yadda ɗan man bawon zai shiga ruwan ya ba shi ƙamshi, ba tare da an fasa ƙwallo ko an tatso ɗacin farin ɓargon da ke ƙarƙashin bawo ba. Idan aka yi haɗama aka matsa da ƙarfi, ruwa zai ƙaru, daɗi ya ragu. Mutanen Koci suna kiran wannan ruwa yunosu, kuma a gidajen ƙauye akan zuba masa gishiri don ya kai shekara bai lalace ba. Da shi suke tsamama shinkafa su yi sushin ƙauye, wanda maimakon kifi ake ɗora masa tsiron gora da naman kaza da sauran abin da tudu ke bayarwa.

A girkin Japan yuzu ba ya zama abinci, ɗanɗano yake bayarwa, kuma kaɗan ake sa shi. Mai girki zai fere ɗan bawo siriri, bai kai farce ba, ya ɗora a kan romo, ya rufe kwanon. Mai ci yana ɗaga murfi, tururi ya taso masa da ƙamshin. Aikin ke nan, ya gama. Ruwan kuma ana haɗa shi da shoyu, wato miyar waken suya mai gishiri, da romon busasshen kifi da ganyen teku, a sami abin da ake kira ponzu, wanda ake tsoma nama da kifi da ganye a ciki, musamman lokacin sanyi da iyali ke kewaye tukunya ɗaya. A tsibirin Kiyushu suna daka bawon da barkono da gishiri, su bar shi ya kwanta, ya zama wani yaji mai ɗanshi da ake kira yuzu kosho. Kore ne idan da koren yuzu da koren barkono aka yi, ja idan da nunannu. Duk wanda ya saba da yajin tsire zai gane matsayinsa nan take: ɗan lakuta a gefen gasasshen nama ko kaza. Koriyawa kuwa yanka shi suke yi siriri-siriri, su jiƙa a sukari ko zuma, idan sanyi ya zo su ɗebi cokali su zuba a ruwan zafi su sha kamar shayi. Yankin Gohung a kudancin ƙasar shi ne cibiyar nomansa a can. Turawa sun shigar da shi kek da cakulan da askirim.

Wanda ya sami kwalba a hannunsa, abu biyu zai kiyaye. Wuta tana kashe ƙamshin, don haka sai an sauke tukunya ake zubawa. Kuma da an buɗe, sai firij, don iska da zafi suna cinye shi cikin sauri. Idan ka ga wani abu ya taru a wuyan kwalbar kamar kumfa mai kauri, ba lalacewa ba ce, man bawo ne da tuƙa, girgizawa ake yi. In kuwa ɗanyen ka samu, ka raba shi ka matsa da bawon yana kallon ƙasa, yadda man zai fesa cikin ruwan.

Akwai wata al'ada da ta shahara, wankan yuzu. A ranar da dare ya fi kowane tsawo a shekara, 21 ko 22 ga Disamba, Japanawa suna zuba yuzu a cikin ruwan wanka mai zafi su shiga. Al'adar ta samo tushe tun zamanin Edo, wato lokacin mulkin shogun, kuma sun ɗauka cewa wanda ya yi ba zai yi mura ba a wannan hunturu. Al'ada ce ta mutane, tana da daɗi, tana ɗumama jiki. Amma masu fata mai laushi da ƙananan yara sukan ji ƙaiƙayi ko zafi saboda man bawon, kuma su kansu Japanawa suna gargaɗi a kan haka.

Wannan ya kawo ni ga maganar magani, wadda ita ce ta fi damuna. Za ka ji ana cewa yuzu ya ninka lemon tsami sau uku wajen sinadarin bitamin C. Jadawalin abinci na Japan ya nuna kimanin miligiram 40 a cikin giram 100 na ruwan yuzu, wanda bai wuce na ruwan lemon tsami irin na Turai ba. Babban adadin da ake tallatawa na bawo ne, kuma babu mai cin bawo da cokali. Ke nan wanda ya sayi kwalba mai tsada don neman bitamin, gwaba ɗaya ta kasuwar unguwarsu ta fi ba shi abin da yake nema. Yuzu abinci ne mai kyau, ƙamshinsa yana sa nishaɗi, yana taimaka wa mai girki ya rage gishiri tunda tsami da ƙamshi suna cike gurbi. Amma ba ya maganin ciwon suga, ba ya maganin hawan jini, ba ya narkar da teɓa. Duk wanda likita ya ɗora a kan magani, don Allah kada ya ajiye shi saboda wani bidiyo. Kuma mai gyambon ciki ya yi hattara da shi kamar yadda yake yi da kowane abu mai tsami.

Ga mai kula da halal akwai wani abin lura. Ruwan yuzu zalla 'ya'yan itace ne, babu komai a cikinsa. Amma ponzu na kwalba sau da yawa ana sa masa mirin, wani ruwan shinkafa mai zaƙi da ke ɗauke da giya, ko a ƙara masa barasa don ya daɗe. Akwai kuma giyar yuzu da ake kira yuzushu, wadda kwalbarta da launinta suke kama da na abin sha na yara. Rubutun jiki yakan zo da Japananci, mai saye bai iya karantawa ba. Idan babu fassarar abin da aka haɗa ko tambarin halal, a tambaya kafin a kai baki.

Haka nan kalmar yuzu a jikin kaya ba ta nufin akwai yuzu mai yawa a ciki. Wani abin shan ruwa ne da sukari da ƙamshin da aka haɗa a masana'anta. Wani an gauraya shi da ruwan wasu lemuka masu araha. Wani na ainihi ne amma mai gishiri, wanda ya dace da miya, ba zai shiga zoɓo ko kek ba. Na misho kuwa kaɗan ne ƙwarai, tunda bishiyoyin ba su da yawa kuma masu hawansu suna tsufa, matasan ƙauyukan sun tafi Osaka da Tokiyo. Idan ka ga an rubuta “na daji” a kan abu mai arha da ake sayarwa katan-katan, ka sa alamar tambaya.

Na san akwai masu lambu a cikin masu karatu da zuciyarsu ta riga ta tafi ga shuka shi. Ana tallar ƙwallayensa a intanet. A tuna cewa ƙwallo shi ne hanyar shekara goma sha wani abu, kuma bishiyar ta saba da hunturu na gaske da dare mai sanyi. Sanyin dare ne ke juya bawon lemo ya yi rawaya, shi ya sa lemon zaƙinmu yakan nuna yana kore. Sannan shigo da reshe ko dashe daga waje ba tare da izinin hukumar killace tsirrai ba haɗari ne ga kowa, domin ta haka cututtukan lemo suke tsallaka iyaka, kuma idan suka shiga lambu ba sa tsayawa a na wanda ya kawo su. Ita kanta Amurka ta hana shigo da ɗanyen yuzu daga waje saboda wannan dalili, galibin ɗanyen da ake ci a can a Kalifoniya ake nomansa.

Wanda yake son ya ɗanɗana kwatankwacinsa a girki bai rasa hanya ba. Ya matse lemon tsami, ya ƙara ɗan ruwan tanjirin, ya kankare bawon tanjirin ɗin kaɗan a kai. Ba zai zama yuzu ba, amma zai kai shi kusa. Wanda kuma Allah ya hore masa ya sami na ainihi, ya juya kwalbar ya duba abu huɗu kafin ya biya: ƙasar da aka yi shi, ko ruwan zalla ne kashi 100, ko an sa gishiri, da ko akwai barasa a ciki. Idan mai sayarwa ya kasa nuna maka waɗannan, ka ajiye masa kayansa.